Akwatin da ke Gindin Goro a Tudunmu

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Genova. Yaya gwiwarka? Yaya Mama da kajinta?

Ni lafiya lau. Tsohuwar da nake jinya ba ta da faɗa, sai dai ba ta barci, don haka ni ma na daina. Kada ka gaya wa Mama. Ranar Lahadi ba na iya zaman ɗaki, sai in bi taswirar waya ina neman akwatunan da 'yan wasanmu na ɓoye akwati da nemo shi suka ɓoye a garin. Jiya wani mai kifi ya gan ni ina lalube ƙarƙashin benci, ya ce, "'Yar nan, in yunwa ce, zo ki karɓi miya." Na karɓa kuwa.

Baba, alfarma nake nema. Akwatin da na ɓoye a gindin goro a tudun bayan gidanmu ya sha ruwa, kuma masu kula da wasan sun ce za su soke shi in ba a gyara ba. Ka sauya shi da robar abinci mai murfi, ka sa sabon fensir da takardar sa hannu, ka rufe da ɓawon itace. Ka bari masu tsintar naman kaza su wuce tukuna, kada su ga maɓoyar.

Na san za ka ce wasan yara ne. Amma duk wanda ya gano akwatin yakan rubuto mini yadda ya tarar da tudun. A bakinsu na ji an sare gonar inabin Kawu Vendelin. Kai ba ka faɗa mini ba.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Bohdana