Bargon da Na Yi wa Labandar Surukata

Asabar, 9 ga Maris

A buga ganga, a sanar da duk wanda abin ya shafa, wato ni kaɗai: yau ni, Baltasar Oyarzo, malamin tarihi, wanda bai taɓa raya ko albasa ba, na zama manomi. Na dasa labanda, tsiron nan mai fure mai ƙamshi, guda talatin a gaban gida, layi uku, da igiya da ma'auni.

Ba wasa ba ne dai. Tun da surukata, Inna Eulogia, ta rasu aka sayar da gidanta na bakin tabki, kuma wanda ya saya ɗakunan baƙi zai gina. Tsohuwar labandar da ke ƙofar kicin ɗinta ta girmi aurenmu. Da furenta take turara zannuwan gado, har yau ƙamshin yana cikin akwatin matata Herminia. A Disamba na yanko rassa na kafa a gwangwanaye, talatin da biyar suka yi saiwa. Na ce wa Herminia ta bar mini komai, na karanta littattafai huɗu. Ta ce, "To, Malam." Ba ta kirana Malam sai in tana shirin dariya.

Lahadi, 17 ga Maris

Biyar ɗin da suka rage ƙanana ne, kamar ɗaliban bencin baya, na ce a zubar. Herminia ta kwashe su ta cusa a tudun tokar nan da ke jikin rumfar itace, wadda muka share daga rufi shekarar da dutse ya yi mana aman wuta. Toka da tsakuwa zalla, ko ciyawa ba ta yarda da wurin ba. Nawa kuwa baƙar ƙasa na sa musu, da takin tumaki baro shida. Na ce mata wannan ai zalunci ne. Ta ce, "Inna ta taɓa ba tata abinci ne?"

Ba a gardama da marainiya.

Asabar, 11 ga Mayu

Katafila ta shiga gidan Inna jiya. Herminia ba ta je ba. Yanzu abin da ya rage na labandar nan a duniya yana gaban gidana, a hannuna. Na ji wani iri, sannan na ji kamar janar.

Kuma dabara ta zo mini! Wannan tsiro asalinsa ƙasashen rana ne, mu kuwa nan hunturu mai ƙanƙara na tafe. Tarihi kuwa cike yake da rundunonin da ba takobi ya ci su ba, rashin bargo ne. Na je wurin Nicanor, ƙanin Herminia, na roƙi ragowar gashin tumakin da ba ya sayuwa. Yana tsotsar shayin mate yana kallona.

"Suruki, katifa za ka yi?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Ka saya musu safa mana, da hula. Tunkiya ma in ta jiƙe girgiza jiki take yi. Su wa zai girgiza su?"

Mutumin da bai gama firamare ba. Na cika buhu tara.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na naɗe kowanne har wuya, na ɗaure da zare. Kyau kamar 'yan tumaki talatin a sahu. Maƙwabta suna tsayawa kallo. Hassada ce.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ƙanƙara ta sauka har gwiwa! Famfo ya daskare, an rufe makaranta. Sha huɗu ƙasa da sifiri da safe. Na tsaya a taga da kofina ina kallon 'yan tuddaina, zuciyata fari tas. Na Herminia ko alamarsu babu, iska ta binne su. Na yi mata ta'aziyya cikin ladabi. Ta miƙo mini soyayyen burodi ta ce in ci, baki ya samu aikin yi.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na ƙara musu gashi. Ba a san gobe ba.

Talata, 27 ga Agusta

Kwana tara ana ruwa a kan ƙanƙara. Gaban gida ya zama fadama. Gashin ya sha ruwa ya yi nauyi, yana warin tsohon rago. Na sa hannu a ciki, da ɗan ɗumi-ɗumi. Ɗumi ai shi ake nema. Na duba littattafan, babu wanda ya yi maganar gashin tumaki, wato na riga su ke nan. Wataƙila in rubuta ɗan littafi, da hotona a baya.

Asabar, 21 ga Satumba

Ranar buɗe bargo. Na sa Herminia ta fito, har Nicanor ya zo a kan dokinsa don kada labari ya wuce shi.

Na farko ya biyo hannuna gaba ɗaya. Gindin baƙi ƙirin, ya yi laushi kamar dafaffen dankali. Na ce ai a kowane yaƙi akan yi asara. Na biyu haka. Na bakwai haka. Nicanor ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar yayarsa, ya rufe. Wannan shirun nasa ya fi mini ciwo.

Herminia ta ɗauki ɗaya ta sunsuna, ta ajiye a hankali, ta shiga gida.

Ashirin da takwas. Biyu na ƙarshen layi, inda gashi ya ƙare mini na yi musu rowa, su ne ba su ruɓe ba, amma ban ce suna da rai ba.

Lahadi, 22 ga Satumba

Herminia ta wuni a kicin. Da ma ta yi faɗa. Ko Malam ba ta kira ni ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na ɗauki shebur in kwashe tudun tokar, ko ba komai ta daina ganin busassun tsinkayen nan biyar kullum in ta je ɗibar itace. Sun yi fari fat kamar tsintsiyar da ta mutu. Ina cikin naɗe hannun riga Nicanor ya shigo da cinyar rago.

"Kai, suruki, tsaya! Talatin ba su ishe ka ba?"

Ya durƙusa, ya kankare jikin ɗaya da farce. Kore! Kore shar a ƙarƙashi! Na kankare na biyu da kaina. Can ƙasa kuma, in ka kwanta rub da ciki, ga wasu 'yan ganyaye kamar ƙwayar shinkafa. Na kwanta ɗin kuwa, da wandon zuwa makaranta.

"Yaya! Fito ki ga mijinki yana sujada!"

Ta fito da gari a hannu. Huɗu cikin biyar suna da rai. Ta daɗe a tsugune. Da ta tashi ta share ido da bayan hannu, gari ya ɓata mata kunci, ta ce, "Malam, a ajiye shebur ɗin nan." Ban taɓa jin daɗin sunan kamar yau ba.

Nicanor ya ce ta Inna ma a bakin tsakuwar hanya take, ruwan wanke-wanke ma ba ta bari ya je wurin. Shekara ashirin da shida ina shiga ta ƙofar nan. Tsiron nake kallo, ban taɓa kallon ƙasa ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Huɗun sun yi tsawon yatsa. Na murza ganye ɗaya, ƙamshin nan ne sak.

Na tono biyun nawa na mayar da su gefen tudun, tun kafin Herminia ta dawo daga coci. Na ce mata sauyin wuri ne kawai, don gwaji. Ta ce to. An hana ni kusantar wurin da butar ban ruwa, kuma na amince, saboda zaman lafiya.

Ba sanyi ne ya kashe ashirin da takwas ɗin nan ba. Ni ne.