Kaset Na Tara

Sule Tankarkar, 6 ga Maris, 1978

Ya'u,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Gaisuwar ta tsaya nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Shekara biyu ba ka leƙo Goggo mahaifiyarka ba, tun sadakar arba'in ɗin Baba. Sai yanzu ka zo wuni ɗaya tak, ka yi ɓarna ka tafi. Wa ya aike ka cikin kwandon Goggo? Ka san Baba yana kwance ya ɗauki labarin rayuwarsa a rikodar da ya sayo a kasuwar Maigatari, kaset tara, domin ta. Ka san idonta ya tafi. Da abawa take gane su, ta ɗaure gidan kowane kaset, na ɗaya ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu. Wanda take cikin saurarensa kuma ta rataya masa wuri, irin kuɗin da. Duk Juma'a bayan la'asar take rufe ƙofa ta ji kaɗan, ta tsayar, ta bar shi daidai nan. Cancana shi take yi don kada ya ƙare. Tana tsakiyar na bakwai.

Kai kuma, malamin makaranta, ka sa reza ka yanke abawar, ka mayar da kowane kaset farko, ka rubuta lambobi da biro. Makauniya ka rubuta wa lamba, Ya'u?

Kuma ta ƙirga da hannunta. Takwas ne. Ina na tara?

Yayarka,
Lauratu

Gumel, 13 ga Maris, 1978

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Na sami takardarki ta hannun Dogo direba, kuma na yi mamakin kalaman da ke ciki.

Abin da na yi gyara ne. Abawar nan ta yi dauɗa, duk maiƙo, kuma barin kaset a tsakiya yana sa zarensa ya saki. Duk wanda ya san rikoda zai gaya miki haka. Ke kin yi yaƙi da jahilci, kina iya karanta mata lambobin. Batun ƙirga kuwa, tsufa ne, mai yiwuwa dama takwas ne.

A gaishe da Goggo. Zan aiko da batir.

Naki,
Ya'u

Sule Tankarkar, 17 ga Maris, 1978

Ya'u,

Ina gaisuwa. Riƙe batir ɗinka.

Wato Goggo ce ta ruɗe? Matar da ke gane tunkiyarta cikin garke da kuka kawai? Ni na riƙe wa Baba rikodar nan ran da ya ɗauki na tara, numfashinsa da ƙyar. Ya ce in danna in fita, wannan nasu ne su biyu. Na fita. Kada ka sake ce mini takwas.

Ka ce in karanta mata lambobi. Ba ta so. Abu ɗaya ya rage mata da take yi da kanta ba ɗan jagora, shi ka ƙwace. Yau Juma'a ta biyu ke nan ba ta kunna ba. Ta ce tana tsoron ta danna ta faɗa gaba, ta ji abin da lokacinsa bai yi ba. Tuwo ma sai na tsaya a kanta. Wallahi ina jin haushinka har cikin ƙashina.

In ba ka ba Dogo kaset ɗin ranar kasuwar Maigatari ba, zan hau motarsa in same ka a makaranta, gaban yaran da kake koya wa ladabi.

Lauratu

Gumel, 22 ga Maris, 1978

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga shi nan na ba Dogo, amma ki karanta wannan kafin ki miƙa mata.

Ranar da na zo, kina gidan suna, Goggo tana barci. Na so in ji muryar Baba, na ɗauki na tara na sa. Da na ji ya fara maganar da ba tawa ba sai na yi sauri in tsayar, yatsana ya haɗa da jan maɓallin nan na ɗauka. Ban lura ba. Abokina Hussaini da muka zo tare ya shigo, muka zauna hira, kaset yana juyawa har ya ƙure. Da na gane, tsoro ya kama ni. Shi ya sa na yanke ƙulle-ƙullen, ko lissafin zai ɓace mata.

Maganar Baba ta tafi, sai ɗan farkonta. Abin da ya hau kai ba na so ta ji. Ki ce mata zare ya tsinke. Don Allah, Yaya.

Ƙanenki,
Ya'u

Sule Tankarkar, 25 ga Maris, 1978

Ya'u,

Gaisuwa. Ban yi mata ƙarya ba, na karanta mata takardarka kaf. Ta ce in sa mata, kuma wannan karon in zauna.

Baba ya yi tari, ya ce, "Zinariya, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba." Ban san yana kiranta haka ba. Daga nan sai ƙas, sai muryarka kana ce wa Hussaini ɗakin yana wari, tsohuwa ta mayar da kwando abin bauta, ba don idon mutane ba da ba ka zo ba. Ta saurare ka har ƙarshe.

Sannan ta sa na mayar da shi daidai bayan "Zinariya". Ta yi ƙulli tara da hannunta, ta ɗaura wurin a kai. Ta ce a nan ta tsaya.

Na tambaye ta me zan rubuta maka. Ta ce in gaya maka ta ji muryarka, ba sai ka wahala ka zo da Sallah ba.

Ka huta lafiya.
Lauratu