Tukwanen Guangzhou da Shinkafar Suna

Hyattsville, Maryland

Zuwa ga Yaya Mahamane, a Guangzhou, ƙasar Sin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Maigidana Issoufou yana nan da tasinsa, 'yarka Mubina kuwa in na yi mata Hausa sai ta mayar min da Turanci.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ka san na gaji da aikin kula da tsofaffi, bayana ya ƙare wajen ɗaga mutane. Shi ya sa da Hajiya Bariatu, 'yar Kumasi mai shagon kayan abinci, ta ba ni kusurwa a shagonta in riƙa sayar da kaya, na roƙe ka ka aiko min da tukwanen dafa shinkafa na lantarki. Na ce ka je wurin masu yin kaya don Amurka, domin wutar nan rabin ƙarfin ta Sin gare ta. Ka yi dariya, ka ce tashar jirgin ruwan Guangzhou ta fi shekara dubu tana ciniki da baƙi, ba ƙanwarka ce za ta koya maka kasuwa ba. Sai ka shiga kasuwar 'yan ƙasa, inda ka saba saye wa 'yan Maraɗi, don ta fi araha kuma wutarsu ɗaya da ta gida. Araha dai ba ta ado.

Abin takaicin, da tukwanen suka iso, filogin ya shiga bangon nan daidai, fitilar ma ta kama, shi ya sa ban yi zargin komai ba. Hajiya da kanta ta ɗauki manyan don sunan jikanta. Ranar suna mutane suka zo daga Gaithersburg da Beltsville, aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka zauna jiran abinci. Muka buɗe tukwane, shinkafa na kwance cikin ruwa mai ɗumi, tsaba-tsaba. La'asar ta yi baƙi na tauna biskit. Hajiya ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa kawai ta yi a gaban mata, ashe haka 'yan Nijar ke rama alheri. Washegari na tarar da kayana a kwali bakin ƙofa, an jera buhunan garin rogo a kusurwar. Na koma wajen tsofaffina.

Da na kira ka, ka ce in sayi na'urar ƙara wuta. Yaya, wace na'ura ce ke mayar wa mutum mutuncinsa?

Watan jiya wani ɗan garinmu zai je gida, na ba shi tukunya ɗaya ya kai wa Inna. Jiya ta kira tana murna, wai shinkafa na nuna kafin ta idar da salla. Ta ce Allah ya yi wa Mahamane albarka, shi ne ya gaji Baba a sanin kasuwa, ni kuma in riƙa jin maganarka. Na ce amin. Ban gaya mata komai ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Ka gaishe da ɗan Kawu, Zakaria, in kun haɗu a masallaci. In ka kira gida ka gaida min Yaya Rumasa'u da yara. Issoufou na gaishe ka. Sauran tukwanen suna nan ɗakin Mubina, a kansu take ɗora littattafanta.

Ƙanwarka,
Kaltume