Kaset ɗin da Ya Maƙale

Tsiga, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Tasalla,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Danja. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, akwai magana. Kin tuna tsohuwar rikodar Inna mai sifika biyu, wadda ta shekara ashirin a kan kabad? Na ba Atu mai gyara a Funtua, ya sa mata sabon bel da wurin makirufo, don malama ta yi wa'azi da ita ranar walimar auren 'yata Sadiya. Da ya buɗe, sai ya tarar da kaset maƙale a ciki. Ya kunna don gwaji ina tsaye. Muryar Inna ce, Allah ya ji ƙanta.

Saƙo ne ta ɗauka za ta aika wa baban Sadiya lokacin yana Legas, ni kuma ina kwance asibiti bayan na haife ta. Ta ce kada ya damu, jaririya ba ta kwana da yunwa, maƙwabciyarmu Ladidi na ba ta nono. Atu, bawan Allah, ya kashe, ya miƙo mini kaset ɗin bai dube ni ba.

Marigayiya Ladidi fa, uwar Kabiru! Kabirun da za a ɗaura musu aure da Sadiya Juma'a ta sama. In haka ne, ai wanta ne na nono. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ke kina gidan a lokacin. Don Allah, kin gani da idonki?

Ƙanwarki,
Amatullahi.

Tsiga, ranar Asabar.

Yaya Tasalla,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Kin ce kin gani sau biyu, kin ɗauka Inna ta faɗa mini. Kin kuma ce in jefa kaset ɗin a murhu, tunda masu maganar sun riga mu gidan gaskiya.

Ba zan ɓoye miki ba, na kai shi har bakin wuta. Sai na tuna ranar da za a tambaye ni abin da kunnena ya ji. Ina tsoron hawayen yarinyar nan, ina tsoron bakin gari, amma wancan tsoron ya fi.

Ɗazu na kunna wa babanta da Liman Mudi. Liman ya sa aka maimaita, ya ce babu aure.

Sadiya ba ta sani ba tukuna. Tana tsakar gida da ƙawayenta suna gwada makirufo, tana kiran sunanta da na Kabiru, sifikun na amsawa garau, suna dariya. Atu ya iya gyara.

Ina ajiye biron nan zan kira ta ɗaki. Ki zo gobe, Yaya. Ba zan iya ni kaɗai ba.

Ki gaida yara. Taki,
Amatullahi.