Wa Zai Gyara wa Metires?

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Na yi rajista. Ni Rabi'a, shekara hamsin da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki ina riƙe da alli, yau na koma benci. Ajin Sifaniyanci na masu farawa, a jami'a, Litinin da Laraba bayan la'asar. In na tashi daga lakwal ɗinmu, firamaren Banikanni a nan Parakou, sai in tari zem, babur ɗin haya.

Dalilin ɗaya ne: Kamila, 'yar ƙanena Tahir da ya rasu a Malabo, Allah ya jiƙansa. Shekararta tara. Uwarta ta riga shi tafiya, kakarta ta can kuma ƙarfi ya ƙare. Ba Hausa, ba Dendi, ba Faransanci, Sifaniyanci kawai. Ƙarshen Yuni za a kawo ta.

Yaya Awalu ya ce gidan ubanta a Djougou za ta zauna. Mutum arba'in a gidan nan, babu mai jin ta ko ɗaya. Na ce a ba ni ita. Ya ce, "Ke ɗin jin ta kike yi? In kin yi mata magana ta amsa, ɗauke ta." Da dariya ya faɗa. Ni ban yi dariya ba.

Wata biyar da rabi. Yara fiye da dubu na koya wa Faransanci tun daga a, b, c. Wannan ba zai gagare ni ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Sabon malami aka ba mu, kuma Inoussa ne! Inoussa ɗan Ladjifarani, wanda ya yi aji shida a hannuna, mai kuka in an ce ya fito allo. Yanzu har da gemu da gilashi. Yana ganina ya rusuna a gaban ɗalibai talatin: "Metires!" Haka yaran lakwal ke kiran malama. Na ce tashi, nan kai ne malam. Ya sa aka kawo mini kujera mai hannu aka ajiye a gaba. Na ƙi sau biyu, na uku na zauna. Gwiwata ta gode.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Harshen nan da Faransanci uwa ɗaya uba ɗaya ne. Duk abin da na faɗa, Inoussa sai ya ce na yi daidai. Ina ga na fi yaran nan sauri. Su waya ta cinye musu kai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

A jarrabawa na sami sha bakwai bisa ashirin. Na aika wa Yaya Awalu hoton takardar.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya fara zama jiki. Da hantsi Alhaji Bachir, abokin Tahir a Malabo, ya haɗa ni da Kamila a waya, muna ganin juna. Goshin Tahir sak.

Jumla shida na shirya, na faɗe su tsaf. Ta dube ni, ta dubi Alhaji, ta yi masa wata tambaya. Ya ce, "Ta ce ta gode, Hajiya." Kalma wajen goma ta faɗa. Godiya ba ta kai haka tsawo ba.

Rezo ɗin waya ne ba kyau, ina jin.

Laraba, 12 ga Maris

Akwai wata Zouéra 'yar Tourou a ajinmu, shekarar farko take, bakinta ba ya hutawa. Yau ta kawo mini takardarta ta jarrabawar nan, wai in duba mata dalilin da ta sami sha ɗaya, tunda ni gwana ce. Na jera tata da tawa, yadda na saba yi wa yarana.

Tambaya ta huɗu amsarmu ɗaya. Ta bakwai ɗaya. Ta tara ɗaya. Tata jan alƙalamin bik ya bi ta kansu duka. Tawa ko ɗigo babu.

Ta ga abin da na gani. Ta janye takardarta a hankali ta ce, "Wataƙila Malam bai lura ba, Mama."

Ya lura. Ni na koya masa lura.

Litinin, 17 ga Maris

Na tsare Inoussa bayan aji. Ya tsaya hannu a baya kamar ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya ce, "Metires, hannun da ya kama nawa ya koya mini rubutu, shi zan sa wa ja? In mahaifiyata ta ji, ba zan ƙara cin tuwo a gidan nan ba."

Na ce to mu yi yadda ake yi a jarrabawar gwamnati, a naɗe wurin suna a liƙe. Ya yi murmushi. Wai rubutuna ne a hannunsa, ko cikin takarda dubu zai gane ni. Na ce umarni nake ba ka, ka gyara mini. Ya ce, "To, Metires." Irin wannan "to" ɗin na san shi.

Ba laifinsa ba ne. Tarbiyya ce, kuma da hannuna na ba shi ita. Amma Yuni na zuwa, yarinyar nan kuwa ba maki za ta saurara ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na samo dabara, kuma ina alfahari da ita.

Ranar salla na ji jikar maƙwabciyata tana ce wa kakarta, "Tsohuwa, da wane haƙorin za ki ci naman?" Tsohuwar sai dariya take. Nan na tsaya da kwano a hannu. Ɗa ba ya gyara wa uwa, ɗalibi ba ya gyara wa malama. Amma jika? Jika babu abin da ba ya faɗa.

Litinin na kira Zouéra na ce daga yau ke jikata ce. Ta ce, "Da gaske, Mama? Kome da kome?" Na ce kome da kome. Idonta har ƙyalli ya yi. Tun nan ya kamata in ji tsoro.

Yau na bar kujera mai hannu na koma bencin baya kusa da ita. Da aka zo kaina na karanta sakin layina, ban kai ƙarshe ba ta ce da ƙarfi, "Tsohuwa, wannan ba Sifaniyanci ba ne, Faransanci ne kika ɗaura wa ɗankwali! Kuma ki daina magana ta hanci, mura kike yi?"

Inoussa ya rasa inda zai sa ido. Ni na fara dariya, sannan suka bi.

Ya yi zafi. A nan kawai zan faɗa.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Jumla ɗaya, sau ashirin da uku. Yarinyar nan ba ta da imani.

Asabar, 17 ga Mayu

Inoussa ma ya sami hanyarsa. Ba ya kallona, sai ya ce, "Zouéra, gaya wa kakarki ta sake duba layi na uku." Ita kuma ta ƙara gishirinta. Takardar Laraba da fensir ya gyara, ba da ja ba, amma ya gyara. Tara bisa ashirin. Wannan ban aika wa kowa hotonta ba.

Amma jiya a rediyon wayar Zouéra wata mata ta yi magana, na kama jumla uku a jere ba da taimakon kowa ba. Tara ɗin nan tawa ce.

Talata, 1 ga Yuli, Djougou

Tun Lahadi Alhaji Bachir ya kawo ta, ya juya. Aikin rufe lakwal ya riƙe ni sai yau. An ce ko kalma ɗaya ba ta furta ba. Matan gida sun zagaye ta, kowa na ɗaga murya da Hausa kamar kurma aka kawo. An ajiye mata wasa-wasa da wagashi, ba ta taɓa ba. Jakarta na rungume a ƙirji.

Na gaishe ta. Ta gyaɗa kai. Daga gaisuwar na koma gefe na zauna. Gajiyar hanya ce.

Alhamis, 3 ga Yuli

Da hantsi Yaya Awalu ya tara mu a tsakar gida, maza a tabarma, mata a bakin ƙofofi. Ya ɓare goro ya ce, "To, Malama mai sha bakwai, bisimilla."

Na durƙusa daidai tsawonta. Na ce mata ni yayar babanta ce. Ina da gida a Parakou da bishiyar mangwaro. Na ce babanta yana ƙarami tsoron awaki yake, in ya ga akuya sai ya ɓoye a bayana. Ban gama wannan ba ta ɓata fuska, ta ɗaga yatsa.

"No, tía, así no." A'a, Gwaggo, ba haka ba.

Ta faɗi jumlar a hankali, yadda ya kamata. Matar Yaya ta dafe ƙirji: "Gwaggonta take yi wa gyara?" Ban juya ba. Na maimaita. Ta girgiza kai. Na sake. A na uku ta yi dariya, ta tambaye ni da gaske ne, akuya? Sai kuma kuka, da magana, magana mai yawa kamar an fasa tulu, tana riƙe da bakin mayafina.

Yaya ya ce, "Me take cewa?"

Na ce, "Rabi ban gane ba, Yaya." A gaban kowa na faɗa.

Ya tauna goronsa. Sannan ya ce, "Rabin da kika gane ya fi namu. Ɗauke ta. Amma kowace salla a nan za ta yi."

Lahadi, 13 ga Yuli, Parakou

Tana ci yanzu, sakwara ce dai har yau ba su shirya ba. Maƙwabta sun fara magana: ba ta rusunawa, tana katse babba. Na ce zan koya mata. Zan koya mata kuwa, da sannu.

Na sayi kaye biyu, littattafan rubutu, ɗaya na Hausa ɗaya na Faransanci, na jingina ƙaramin allo a gindin mangwaro don mu fara yau. Kafin in fito daga ɗaki ta riga ta ɗauki allin. Ta nuna mini tabarma.

Na zauna. Don kada in karya mata gwiwa ne kawai. Awa guda muka yi, sau huɗu ta mayar da ni baya.

Gobe ni zan riƙe allin. Ko jibi.