Kuros Ɗin da Aka Gani a Allon Aji Shida

Zuwa ga Alhaji Sabo Mai Motoci, shugaban kwamitin makarantar sakandaren al'umma ta yankinmu na Rurum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da motocin Kano, ni ne Malam Iliyasu, malamin lissafin da kwamitinka ya dakatar makonni uku da suka wuce. Na zo ƙofar gidanka sau biyu aka ce kana hutawa, shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Na farko, laifina. Takardar dakatarwa ta ce wani ɗan kwamiti ya leƙa ta taga, ya gan ni na zana ƙaton kuros na Kiristoci a allo da rula, na kuma sa yara su kwafa a littattafansu. Wallahi bai yi ƙarya ba, Allah ya ƙara masa ƙarfin ido. Na ja layi ɗaya a tsaye, na ja ɗaya a kwance, suka haɗu a tsakiya. Sunan abin giraf, Alhaji, kuma da shi ake nuna yadda lamba ke hawa da sauka. Da mai leƙen ya daure minti biyar da ya ga na jera lambobi a jiki, amma da alama gaggawar ceto imanin yara ba ta bar shi ya tsaya ba.

Na biyu, inda na yi karatu. An ce ai dama a kwalejin Kiristoci na yi digiri, to me ake tsammani. Haka ne, can na samu gurbi bayan na shekara biyu ina kabu-kabu da babur tsakanin Rano da Kibiya ina jiran jami'o'inmu su tuna da ni. Shekara huɗu na yi a can. Sun tilasta mini tarihi da falsafa, har da darasin kiɗa da na ci da kyar, amma ba wanda ya taɓa tilasta mini shiga coci. A wani ɗaki bayan laburare muke salla, mu bakwai. Malamar da ta koya mini aljabara, Kirista ce mai yawan ibada, ita ta ɗage mana gwaji saboda Juma'a, kuma daga bakinta na fara jin cewa wani malami Musulmi ne a Bagadaza ya tsara wannan ilimi. Ka ga irin ɓatar da ni da aka yi.

Na uku, tunda kwamiti ya ɗauko tsarkake gari, kada a tsaya a kaina. Alamar tarawa ma layi biyu ne a gicciye. Akwai ta a kalkuletar da ke aljihunka, kuma ban taɓa jin ka yi istigfari bayan ka danna ta ba. Ga sandunan tagar ajin da aka leƙo ni ta ciki, ga mahaɗar hanyar da direbobinka ke bi kullum. Aiki na nan jibge.

Na huɗu, wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a ina cikin waɗanda suka yi kabbara har murya ta dushe, don an ce mana ba za a ƙara hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba. Ku kuwa kun zauna, kun ɗaga hannu irin na 'yan majalisa, kun gama da ni ina cikin aji ina goge allo. Mahaifina, da ya shekara talatin yana karantar da Alƙur'ani a Zinyau, a masallaci ya ji labarin wai ɗansa ya bar hanya.

Buƙatuna uku ne. A kira ni in yi bayani gaban kwamiti da liman, da allo da alli. A wanke sunana a inda aka ɓata shi. Sannan a mayar wa 'yan aji shida malami, ko ni ko wani, don jarrabawar fita saura mako biyar, tambayar giraf kuwa ba ta taɓa fashi ba, kuma wanda bai ci lissafi ba ba shi ba jami'a.

Jiya wata ɗaliba da ke son karatun likita ta aiko mini da aikinta ta hannun yayarta in duba. Ta ja layin tsaye a gefe guda, ta ja na kwance can nesa, ta bar tazara don kada su taɓa juna, saboda tsoron abin da za a ce a gida. Duk amsoshinta goma sun faɗi. Ita ce ta ɗaya a ajin kafin a dakatar da ni, kuma sunanta Bilkisu Sabo.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da arziki, ya kiyaye motocinsa a hanya, ya ba shi ikon duba littafin 'yarsa yau.

Wassalam.

Malam Iliyasu, Rurum Tsohon Gari.