Sawun Dodo a Gurbin Saga

Yamai, 20 ga Mayu 1985

Zuwa ga Yaya Delu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Tawa, da haƙurin wannan fari. Bayan haka, na san labari ya riga takardata isowa: yau kwana shida ba a ga ɗanki Mumuni ba.

Jiya na je Saga, gonakin shinkafar da yake aikin malamin gona a cikinsu. Kogi ya janye, Yaya. A Gaweye, nan cikin Yamai, mutane da ƙafa suke bi ta ƙarƙashin gada, sai wani gurbi ɗaya da ya rage a bayan Saga. Can aka kai ni. Wani tsohon masunci, Bawa, ya nuna mini rigar Mumuni a yage, da takalmansa, da wasu manyan sawu a taɓo. Ya ce dodon ruwa ne. Wai in kogi ya ƙafe, dodo yakan tattaru a gurbin ƙarshe, yunwa ta sa ya fara ɗaukar mutane. Duk wanda na tambaya, haka ya ce, ba ƙari ba ragi, kamar ƴan lekol da suka haddace darasi.

Shekara ashirin da bakwai na yi ina koyar da ilmin halittu. Na karanta labarin Turawan da suka ƙare rayuwarsu a bakin tabki suna jiran dodo ya ɗago kai, da waɗanda sauro ya cinye a dajin Kwango. Duk hoton da suka kawo dishi-dishi ne. Da alama dodo dabba ce mai kunyar kamara.

Abin da ba ni dariya a kansa shi ne wannan. Mako biyu da suka wuce yaron ya miƙe a taron manoma ya tambayi inda hatsin agaji ya shiga. Kashegari mutum biyu suka zo gidana a unguwar Maourey suna tambayarsa. In na nuna babu dodo, dole wani ya faɗa mana inda yake. Ki bar mini wannan aikin.

Ƙanenki,
Sanusi

Tawa, 27 ga Mayu 1985

Sanusi,

Na amsa gaisuwa, Allah ya bar zumunci. Takardarka ta iso ta posta, bakinta manne da wani danƙo da ban san ka da shi ba.

Mun karɓi ƙaddara. An yi sadakar bakwai, mutane sun zo sun tafi. Mutanen Saga a bakin kogin aka haife su, kai kuwa a littafi ka san shi. In sun ce dodo ne, to dodo ne. Tun kana yaro ba ka barin magana ta kwanta, har tsiya ka yi wa Inna a kan aljanun tsamiya. Yanzu furfura ta cika maka kai. Don Allah, don darajar iyayenmu, kada ka sake zuwa gurbin nan. Ɗan naka ba ya bukatar bincikenka, addu'a yake bukata.

Ka gaida matarka Asma'u, ka ce ta riƙe ka a gida.

Yayarka,
Delu

Yamai, 5 ga Yuni 1985

Zuwa ga Yaya Delu,

Gaisuwa da ban girma. Asma'u ta karɓi saƙonki, ta ɓoye mini takalma, na fita da na wanka.

Ki yi haƙuri, na koma gurbin, da igiya da dutse da abin awo. Na shiga da kaina, jama'a na kallo. Inda ya fi zurfi ruwa a ƙirjina ya tsaya. Dodon da zai ɓuya a nan sai dai ya kwanta rub-da-ciki ya riƙe numfashi wata uku.

Sai sawun. Dorina yatsa huɗu gare ta, wannan uku. Faɗin kowane sawu daidai da gindin turmi, yatsun kuma bakin hauya ne, har da wata ƴar tsaga da ke maimaituwa a kowane yatsa. Na ga hauyar jingine a dangar gidan Bawa. Rigar an yage ta, amma maɓallanta duka a ɓalle suke, ko ɗaya bai tsinke ba. Takalman kuwa a jere aka same su, kamar a ƙofar masallaci. Dodo mai tarbiyya.

Babban abin shi ne tabarau. Kin san Mumuni ba ya ganin tafin hannunsa in babu su, waɗanda ya ɗaure wa ƙafa ɗaya da baƙin zare. Na tace taɓon nan da rariya yini guda, babu su. Wanda dabba ta fizga, tabarau ne farkon abin da zai faɗi. Yaronki da ƙafarsa ya bar wurin, yana ganin hanya. Yana da rai, Yaya. Ki share hawayenki.

Abin da ya dame ni, ba wanda ya yi murna. Da na yi wa mutanen bayani, Bawa ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lekol, ya ce, "Mushe, ruwan da ka auna ba shi ne zurfin ba," ya juya ya tafi. Mata suka janye ƴaƴansu daga kusa da ni.

Mutum ɗaya ne ya saurare ni, wani mai fararen kaya da ke tsaye gindin giginya. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya taɓa zama ɗalibina, ko da yake ban tuna fuskarsa ba. Ya ce ƙasar nan irina take bukata, masu kawar da camfi. Ya roƙe ni in rubuta abin da na gano, a taimaka a nemo yaron. Shafi huɗu na rubuta, da zanen sawun da na hauyar, na kai masa har biro, ofishinsa, shekaranjiya. Ya ba ni kujera, har da lemo mai sanyi.

Ƙanenki,
Sanusi

Tawa, 9 ga Yuni 1985

Sanusi,

Wannan a hannun Abdu mai kamiyo, direban babbar mota, na ba da ita, ba ta posta ba. Ka karanta ka ƙona.

Tun ranar farko na sani. Matar Bawa ce ta aiko mini. Bayan taron nan aka zo nemansa har sau uku. Mutanen Saga suka zauna suka yi shawara, suka ce wanda dodo ya ci ba a sake nemansa. Su suka buga turmin, su suka yaga rigar. Garin nan kaf, har tsofaffi, suka yarda a yi musu dariya don ɗana ya rayu. Yana ɓoye a wani rumbu a tsallaken kogi, yana jiran ruwan farko ya sauko a wuce da shi cikin kwalekwale zuwa Gaya, bakin iyaka. Na zauna zaman makoki da ɗa mai rai, ina karɓar gaisuwa, ina matso hawaye.

Waɗanda ke nemansa ma ba dodon suka yarda da shi ba, hujja ce ba su da ita. Kai ka kai musu, shafi huɗu, da zane.

Ta posta na roƙe ka iyakar yadda zan iya. Ka karanta littattafan duniya, ka kasa karanta takardar yayarka.

Ban taɓa kiran sunansa ba tun da na haife shi, ka sani. Yau zan rubuta. Mumuni. Ka je ka gyara abin da ka ɓata, ko da za a ce ka haukace.

Delu

Yamai, 14 ga Yuni 1985

Yaya,

Gaisuwa. Abdu zai kawo miki wannan, da wani ɗan ƙunshi.

Na fara zuwa Saga. Gidan Bawa a rufe, hauyar ba ta nan, ba wanda ya amsa mini sallama. Daga nan na wuce biro. Na ce wa mai fararen kaya na yi kuskure. Na rantse masa na koma gurbin da hantsi na ga dodo da idona, baƙi, mai ƙaho, ya fi raƙumi tsawo. Na shirya ya yi mini dariya.

Bai yi ba. Ya ce, "Ai mu ma mun bincika, Mushe. Akwai dodo." Ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini takarduna huɗu, ya ce ba su da amfani yanzu. Sannan ya ɗora tabarau a kansu. Ya ce a bakin gurbin aka tsince su, wataƙila rariyata ce mai manyan ƙofofi.

Na tambaye shi ko yaron na da rai. Ya ce ni ne masanin halittu, ni zan faɗa masa abin da dodo ke yi da mutum.

Su ne a ƙunshin. Gilashin bai fashe ba, zaren ma yana nan. Ki adana su wurin da ba za su karce ba, ko zai zo ya tambaya.

Ƙanenki,
Sanusi